Mudun Haske: Yadda Aka Koyi Auna Fitilar Shuka

Awon haske ya girmi ƙwan lantarki da shekara 150, kuma tun tashin farko idon ɗan Adam ne alƙalinsa. A 1729 wani masani Bafaranshe, Pierre Bouguer, ya fitar da ɗan littafi kan yadda za a gwada ƙarfin haske biyu. Ido ba ya iya faɗin ko sau nawa wannan fitila ta ninka waccan, amma yana gane lokacin da haske biyu suka yi kunnen doki. A kan wannan Bouguer ya ɗora dabararsa. Yakan matsar da kyandir gaba ko baya har haskensa ya zo daidai da wanda ake son aunawa, sannan ya auna tazarar ya buga lissafi, tun da an riga an san cewa in nisa ya ninku sau biyu, haske kan ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Da wannan hanya ya ƙiyasta cewa rana ta fi wata ɗan daren sha huɗu haske sau 300,000, kuma bai yi nisa da gaskiya ƙwarai ba. Johann Heinrich Lambert ya zo a 1760 ya shimfiɗa wa fannin ƙa'idojin lissafi a littafinsa Photometria.

Waɗanda suka biyo baya kayan aiki suka gyara, alƙalin dai yana nan. Wani masani, Rumford, ya kafa sanda a gaban farar takarda, ya riƙa matsar da fitilu biyu har inuwoyin sandar biyu suka yi duhu ɗaya. Robert Bunsen na Jamus ya yi amfani da ɗigon mai a kan takarda, irin tabon da ƙosai ke bari a takardar da aka ƙunshe shi. In haske ya fi yawa ta baya, tabon sai ya yi fari. In ya fi yawa ta gaba, sai ya yi duhu. In ɓangarorin biyu suka daidaita, sai ya kusa ɓacewa.

Kasuwanci ne ya mayar da wannan wasan masana abin doka. Da kamfanoni suka fara sayar da iskar gas don kunna fitilun tituna da gidaje a Landan, sai aka buƙaci abin da za a riƙe su da shi in sun tauye wa mai saye. Dokar gas ta 1860 ta ayyana kyandir na hukuma: wanda aka yi da wani kakin da ake ciro wa daga kan wata ƙatuwar dabbar teku, shida su cika laba ɗaya, kowane yana cin kusan giram 7.8 a awa. Faransa na da fitilar Carcel mai cin man tsirrai, Jamus kuma ta riƙe fitilar Hefner ta 1884, wadda dole harshen wutarta ya tsaya a milimita 40. Kowace kasuwa da mudunta ke nan. Sai a 1909 Amurka da Birtaniya da Faransa suka amince da kyandir ɗaya na ƙasa da ƙasa, a 1948 kuma aka maye gurbinsa da ma'aunin da ake kira kandela. Daga gare shi lumen ya fito, wato jimlar hasken da fitila ke fitarwa, da luks, wato lumen ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya.

Akwai wani mataki a tsakani wanda shi ne tushen rikicin da ya biyo baya. Haske launi-launi ne, kuma ana bambanta launukan da tsawon zangonsu, wanda ake aunawa da nanomita: shuɗi wajen 450, kore wajen 550, ja daga 620 zuwa 700. Ido bai ɗauke su daidai wa daida ba. A taronta na Janeba a 1924, hukumar haske ta duniya da ake kira CIE ta tattara gwaje-gwajen da aka yi wa idanun mutane ta fitar da jadawalin yadda ido ke jin kowane launi. Kore mai ratsin rawaya, a nanomita 555, shi ya sami cikakken maki. Ja a 660 ya sami kashi 6 cikin ɗari kawai, shuɗi a 450 kuma bai kai kashi 4 ba. Da na'urorin awo masu ƙwayar selenium suka shigo kasuwa a shekarun 1930, aka riƙa sa musu matatar launi don su kwaikwayi wannan jadawali. Allura ta karɓi aikin ido, amma da son zuciyar ido ta karɓe shi, kuma har yau kowane ma'aunin luks haka yake.

Masana tsirrai kuwa ta wata hanya dabam suka biyo. Jan Ingenhousz, likita ɗan ƙasar Holan, ya nuna a 1779 cewa koren ganye ba ya sakin iskar da muke shaƙa sai in haske ya sauka a kansa. Shekara ɗari da 'yan kai bayan haka, a 1882, Theodor Engelmann ya yi gwajin da har yanzu ake koyar da shi a makarantu. Ya shimfiɗa zaren gansakuka a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ya raba haske zuwa launukan bakan gizo a kan tsawon zaren, ya zuba bakteriya masu neman oksijin. Bakteriyar suka yi dandazo a inda ja da shuɗi suka sauka, suka bar wajen kore fayau. Wato launukan da ido ya raina su ne ganye ya fi gaggawar cafkewa.

A daidai wannan zamani aka fara gwada shuka a ƙarƙashin hasken lantarki. William Siemens ya kafa fitilar tartsatsi, mai ƙona sandunan gawayi biyu, a gidansa da ke kusa da Tunbridge Wells a Ingila, ya kai rahoto gaban ƙungiyar masana ta Royal Society a 1880. Ya siffanta ƙarfin fitilarsa da kyandir 1,400, don babu wani mudun da zai yi amfani da shi. An gano cewa tsirarar fitilar na ƙona ganye, sai an sa gilashi tsakani. Liberty Hyde Bailey ya maimaita irin gwajin a Jami'ar Cornell ta Amurka ya buga sakamakonsa a 1891: latas ya yi saurin isa yanka, alayyafon Turawa kuwa ya yi gaggawar fitar da kai ya lalace. Dalilin wannan na biyu bai fito fili ba sai a 1920, lokacin da Garner da Allard na ma'aikatar gona ta Amurka suka rasa gane abin da ya hana wata taba mai suna Maryland Mammoth yin fure a lokacin zafi. Suka riƙa shigar da ita ɗakin duhu da la'asar suna fito da ita da safe, sai ga fure. Ashe tsiro na lissafin tsawon yini da dare. Manomin ƙasar Hausa ya san aikin wannan ƙa'ida ko bai san sunanta ba: dawa 'yar gida da maiwa, ko an yi sammakon shuka su, sukan jira ƙarshen damina, lokacin da yini ya fara gajarta, kafin su fitar da kai. Daga nan aka fahimci cewa tambaya uku ce a gaban mai awo: yawan hasken, launinsa, da tsawon lokacin da yake kunne.

Amsar tambaya ta farko daga kimiyyar lissafin halitta ta zo. Albert Einstein ya bayyana a 1905 cewa haske ƙwaya-ƙwaya yake zuwa, waɗanda daga 1926 aka riƙa kira foton. Ƙwayar shuɗi ta fi ta ja ƙarfi da kusan rabi, amma a wajen haɗa abinci ganye bai damu da wannan fifiko ba. Kowace ƙwayar da ya haɗiye aiki ɗaya take yi, rarar ƙarfin kuma ta tafi a zafi. Otto Warburg na Jamus ya dage shekara da shekaru cewa ƙwaya 4 sun isa a saki ƙwayar oksijin ɗaya, tsohon ɗalibinsa Robert Emerson ya ce sai 8 zuwa 12, kuma bincike ya gaskata ɗalibin. Abin lura a gardamar shi ne dukansu biyu ƙirga ƙwayoyi suke yi. Ganye kamar mai karɓar kuɗin shiga ne da ke ƙirga kawuna a bakin ƙofa, ƙato da siriri duk ɗaya.

Duk da haka an kai shekarun 1960 kowa na awo da abin da ya samu. Wani ya rubuta sakamakonsa da luks, wani da kyandir a kan ƙafa irin na Amurkawa, wanda ya kai luks 10.76, wani da kalori, wani da wat. Manyan ɗakunan gwajin shuka, irin wanda Frits Went ya buɗe a Kalifoniya a 1949, sun iya daidaita zafi da laima yadda suke so, amma da wuya a kwatanta hasken wannan ɗaki da na wancan.

Keith McCree ne ya raba gardama. Masanin kimiyya ne da ya taso daga New Zealand ya koma Jami'ar Texas A&M, inda ya ɗauki ganyen amfanin gona iri 22 ya haska su da launi bayan launi, daga nanomita 350 zuwa 750, yana auna iskar kabon da kowane ganye ke zuƙa. Sakamakon da ya buga a 1972 ya nuna cewa tsirran duka kusan hali ɗaya gare su: ja ne kan gaba, shuɗi na biye, kore kuma, saɓanin abin da aka daɗe ana ɗauka daga gwajin Engelmann, ba ɗan rakiya ba ne. Siririn zaren gansakuka kore na ratsa shi ya wuce, amma ganye mai kauri yana kama mafi yawansa ya yi aiki da shi. Ɗan abin da ya dawo ne ido ke gani ya ce ganye kore ne. A wata maƙala ta biyu a shekarar, McCree ya gwada ma'aunan da ake yayi ɗaya bayan ɗaya, ya sami cewa wanda ya fi rage kuskure shi ne a ƙirga dukan ƙwayoyin haske tsakanin nanomita 400 da 700, a ba kowace maki ɗaya. Ya san sulhu ne, domin jadawalinsa da kansa yana da tudu da kwari, amma sulhu ne da kowa zai iya aiki da shi. Wannan yanki shi ake kira PAR a taƙaice.

Na'urar aunawa ta riga ta iso. William Biggs, injiniya a wani aikin binciken dawa a Jami'ar Nebraska, shi da abokan aikinsa sun bayyana wani ɗan ma'auni a 1971, kuma a shekarar ya kafa kamfanin da daga baya ya zama LI-COR. Abin bai fi murfin kwalba girma ba: ƙwayar silikon mai mayar da haske lantarki, matatun da ke toshe abin da ya gaza 400 ko ya haura 700, da farin faifai a sama don hasken da ya zo a karkace ya ƙirgu daidai gwargwadon karkatarsa. Da farko sunan Einstein aka laƙaba wa ma'aunin, daga baya aka koma ga mol na masu ilimin sinadarai. Yau ana cewa maikuromol a kan murabba'in mita a daƙiƙa, ana taƙaita shi da PPFD, kuma maikuromol ɗaya ƙwayoyi ne da yawansu ya kai 6 da sifili 17 a bayansa. Ranar tsaka mai garau takan ba da kusan 2,000. Ofis mai kyakkyawan haske, wanda ido ke gani tarwai, da ƙyar yake kai 10.

Shekaru da dama masu lambun gilashi ba su ga dalilin sayen sabuwar na'urar ba. Fitilun kaɗan ne kuma an san halin kowacce, don haka ma'aunin luks da ɗan lissafi sun wadatar. Jadawalin da wasu masu bincike, Thimijan da Heins, suka fitar a 1983 ya ce a raba luks da 54 in hasken rana ne, da 74 in farar doguwar fitila ce, da 82 in fitilar sodiyam ce, wato mai ruwan ɗorawan nan da ta mamaye ɗakunan gilashin Holan.

Fitilar LED ce ta rushe wannan sauƙi. Nick Holonyak ya ƙera ta farko mai jan haske a kamfanin General Electric a 1962, amma ta daɗe ba ta wuce ɗan idon da ke nuna rediyo na kunne ba. A ƙarshen shekarun 1980 ja ta yi ƙarfin da masu bincike a Jami'ar Wisconsin, da tallafin hukumar NASA mai neman hanyar noma a sararin samaniya, suka gwada ta a kan latas. Rahoton ɗaya daga cikinsu, Bula, da abokansa na 1991 ya nuna latas ɗin ya girma, amma sai da aka ƙara masa ɗan shuɗi daga doguwar fitila, don ja zalla kan sa tsiro ya yi tsawon banza. Shuɗiyar LED mai ƙarfi ta fito a 1993 daga hannun Shuji Nakamura na kamfanin Nichia a Japan, bisa tubalin da Isamu Akasaki da Hiroshi Amano suka aza a Nagoya; su ukun suka raba kyautar Nobel ta 2014. Ranar 10 ga Agusta 2015 'yan sama jannati a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa suka ci jan latas da aka noma can a ƙarƙashin LED.

Fitilun shuka na farko da suka cika kasuwa ja da shuɗi ne, masu hasken shunayya, kuma a gabansu ma'aunin luks makaho ne. Lissafin a bayyane yake. Maikuromol ɗaya na kore a 555 yana ba da luks 147, na ja a 660 bai kai luks 8 ba, na shuɗi a 450 kusan 7. Fitilar da ke zuba wa latas maikuromol 300, abin da ya ishe shi har da rara, ba za ta nuna ko luks 2,500 ba, alhali rana mai wannan adadi za ta nuna sama da 16,000. Mai bin luks sai ya matso da fitila har ganye ya ƙone. Babu kuma lamba ɗaya da za a raba da ita, tun da kowane kamfani da irin gaurayen launinsa. Farar LED, wadda shuɗiya ce da aka lulluɓe da rawayan sinadari, ta ɗan dawo da sauƙin, amma ita ma lambarta na sauyawa daga mai ɗumin launi zuwa mai sanyi. Hatta ma'aunan ƙirga ƙwaya ba su tsira ba: wasu masu rahusa da aka daidaita da hasken rana jinsu kan dushe daidai wajen 660, inda jar LED ta tattara ƙarfinta duka, sai da aka sake ƙera su.

'Yan kasuwa sun ci moriyar ruɗanin. An riƙa rubuta wat 1,000 a kwalin fitilar da ba ta jan ko 200 daga soket, ko a buga babbar lambar PPFD ba tare da faɗin cewa a tsakiyar fitila aka auna ta, a tazarar taƙi ɗaya ba. Wat dai awon wutar da fitila ke ci ne, bai ce komai game da abin da take fitarwa ba. Ma'aunin gaskiya shi ne maikuromol nawa ake samu daga jul ɗaya na lantarki, kuma ana gano shi ne ta hanyar rufe fitilar cikin wata ƙatuwar ƙwallo mai farin ciki, dabarar Richard Ulbricht ta 1900, wadda ke tattara hasken kowace fuska. Binciken Nelson da Bugbee na 2014 ya sami LED mafi kyau da fitilar sodiyam mafi kyau a mataki ɗaya, wajen 1.7, tsohuwar sodiyam kuma kusan 1. Cikin shekara goma LED ta haura 3. A 2017 ƙungiyar injiniyoyin noma ta Amurka, ASABE, ta fitar da ƙa'idar sunaye da ma'aunai don kowa ya yi magana da harshe ɗaya.

A ƙarƙashin fitila kuwa, awo ɗaya ba ya wadatarwa. Ana ajiye ma'aunin a miƙe daidai tsayin saman ganye, a bi filin shukar murabba'i bayan murabba'i a ɗauki matsakaici, domin gefe yakan sami rabin abin da tsakiya ke samu ko ƙasa da haka. Tsohuwar ƙa'idar nisa da Bouguer ya dogara da ita ta ƙaramin haske ce irin na kyandir. A kusa da faffaɗan faranti mai ɗaruruwan ƙwayoyi ba ta aiki, balle in farin bango na mayar da haske. Manhajojin waya da ke awo da kyamara ƙiyasi suke yi daga irin fitilar da aka gaya musu, kuma sun fi dacewa da farin haske.

PPFD ma hoton daƙiƙa ɗaya ne, kamar a ce ana tsuga ruwa ba a faɗi awa nawa aka yi ana yi ba. Abin da ke tantance girma shi ne jimlar yini, DLI a taƙaice, wadda ake samu in aka ninka PPFD da daƙiƙoƙin da fitila ta yi a kunne aka raba da miliyan. Maikuromol 250 na awa 16 ya ba da mol 14.4. Latas na son 12 zuwa 17, tumatir 20 zuwa 30, tsirran ado na inuwa kuma ƙasa da 10 ya ishe su. A Holan yinin Disamba ba ya kai mol 5 ko a fili, kafin gilashi ya ci nasa rabon, alhali yini mai garau a Kano ko Maraɗi yakan haura 40. Wannan tazara ce ta sa sana'ar fitilar shuka ta yi jijiya a arewacin Turai da Kanada da Japan.

Iyakar 700 da aka karɓa a zamanin McCree ita ce ake taƙaddama a kanta yanzu. Tun 1957 Emerson ya nuna cewa jan da ya zarce 700, wanda ido ke gani dishi-dishi, in shi kaɗai ne ba ya tsinana abin kirki, amma in aka haɗa shi da gajerun launuka sai amfanin biyun ya fi jimlarsu. McCree launi ɗaya-ɗaya ya gwada, don haka gwajinsa bai iya kama wannan ba. Da LED ta ba da damar gauraya launi yadda aka ga dama, Shuyang Zhen da Bruce Bugbee na Jami'ar Jihar Utah suka nuna a 2020 cewa ƙwayoyin 700 zuwa 750, in suna tare da farin haske, suna aiki daidai da sauran, suka nemi a faɗaɗa iyakar zuwa 750. Wannan jan mai nisa yana kuma sa tsiro ya miƙa kara ya faɗaɗa ganye kamar wanda ke cikin inuwa, ta hanyar sinadarin faitokurom da masu bincike a Beltsville ta Amurka suka gano a shekarun 1950. Ƙa'idar hukuma na nan a 400 zuwa 700, masu ƙera na'urori kuma sun fara sayar da ma'auni iri biyu, ɗaya na tsohuwar iyaka ɗaya na sabuwa, don haka fitila ɗaya kan ba da lamba biyu gwargwadon wanda aka ɗora a ƙarƙashinta.